Uwar Kwalabe da Tsutsar da Ta Zo da Ranta

A cibiyar binciken teku, in ka shiga ta ƙofar gaba za ka ga fitilu da hotunan kifaye da kujeru masu laushi. Wannan duk na baƙi ne. Aikin gaske yana ƙasa, in ka bi matakalar da ke bayan banɗaki ka wuce ɗakin janareto. A nan Uwar Kwalabe take zama, kuma a nan ƙuruciyarta ta ƙare ba tare da kowa ya lura ba, har ita kanta.

Ɗakin ba taga. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, kowace kanta cike da kwalabe, kowace kwalba ɗauke da abin da taru ya kwaso daga zurfin teku, a jiƙe cikin ruwan maganin hana ruɓa. Warin maganin nan kuwa, wallahi ba sabulun da ke fitar da shi. A motar haya mutane sukan ɗan matsa mata, wasu su ɗauka a asibiti take aiki, wajen ajiye gawa. Ba ta taɓa gyara musu zance ba, don in ka duba ba su yi nisa da gaskiya ba.

Aikinta tsinta ne. Jirgin cibiyar zai fita ya yi makonni, ya dawo da kwalabe, ita kuma ta juye kowace a faranti, ta kafa ido a madubin ƙara girma, ta ɗauki hantsaki tana warewa. Ƙananan jatan lande gefe, 'ya'yan kifi gefe, tarkace gefe. Abin da ake nema a cikin wannan kwamacala wata tsutsa ce da 'yan wurin ke kira 'yar ziri, saboda shimfiɗaɗɗiya ce kamar zirin ƙyalle. Sai ka wuni kana juye kwalabe ba ka yi arba da ko ɗaya ba.

'Yan zirin nan ba a laka suke ba, ba kuma a ƙarƙashin dutse ba kamar danginsu na bakin gaɓa. A tsakiyar ruwa suke zama, can inda hasken rana ya ƙare amma ƙasa tana da nisa tukuna. Jikinsu lallausa ne, kusan duk ruwa, shi ya sa ba su nutsewa ba su kuma tasowa, ruwan ne ke tafiya da su inda ya ga dama. Yawancinsu ba su da ido, to me za su yi da shi a wannan duhun? In ɗan jatan lande ya gifta kusa, sai tsutsar ta cillo wani dogon abu kamar harshe daga kanta, mai 'yan ƙayoyi, ta cafke shi. Akwai wani jinsi da namijinsa ke da 'yan hannuwa biyu a wajen wuya, ana zaton da su yake riƙe macen in Allah ya haɗa su, don a wannan faɗin haɗuwa ba ƙaramin rabo ba ce. Ranar da Dakta, shugabar sashen, ta gaya mata wannan, Uwar Kwalabe ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe ko a can ma mata sai an riƙo su."

Ta san tsutsar nan ciki da bai. Tana iya gane mace daga namiji da guntun jiki kawai. Amma duk waɗanda suka taɓa zuwa hannunta matattu ne, sun koɗe, sun ƙanƙance, rabinsu a tsittsinke, launinsu kamar tsumman da ya sha wanki. Mutanen jirgi kuwa sukan dawo suna ba ta labarin yadda take in tana da rai. Kukun jirgi ya ce ja ce kamar nunannen tumatir. Dakta ta ce a'a, ta fi kama da ɓawon lemo, kuma kana hango hanjinta ta cikin fata, reshe-reshe. Shi kuwa Mai-Taru, dattijon da ke sakin taru yana jawo shi tun kafin Dakta ta gama makaranta, sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, rabu da su. Abin nan ba ya faɗuwa, sai kin gani."

To, abin da take so ke nan a duniya. Ba gida ba, ba mota ba, ba ƙarin girma ba. Ta ga 'yar ziri guda ɗaya da ranta, da launinta, tana motsi. Wani zai ce wannan ma buri ne? Eh, buri ne, kuma ya fi na mutane da yawa tsabta.

Da aka ɗauke ta aiki tana budurwa, an ce mata fita a jirgi bi da bi ne, nata zai zo. Kafin ya zo mahaifiyarta ta rasu. Kafin a gama share hawaye Baba ya faɗi a bakin ƙofar shagonsa na ɗinki, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ita ce babba, ita ce ba ta da miji, ita ce gidan hayarta ba bene. Sai aka kawo shi wurinta, wai kafin ya ɗan samu sauƙi. Akwai wani malamin makaranta da ke zuwa zance a lokacin, mutumin kirki, ya jira har ya gaji da jira ya auri wata. Ba ta riƙe shi a zuciya ba.

Tun daga nan rayuwarta ta zama ɗaki biyu da motar haya a tsakani. Da safe ta juya Baba, ta goge masa jiki, ta canza zanen gado, ta ba shi abinci mai ruwa-ruwa ta gefen bakin da ke aiki, cokali kaɗan-kaɗan, tana jira ya haɗiye. Sannan ta damƙa shi a hannun Maƙwabciya, wadda ba ta yi masa komai sai zama kusa da shi da miƙa ruwa, ta ruga aiki. Da yamma ta dawo ta sake daga farko. Duk sanda sunanta ya fito a cikin masu tafiya, sai ta hau sama da kanta ta ce a ba wani.

Tana da ƙanne biyu, kada a ce ba ta da kowa. Akwai Bakanike mai garejin gyaran motoci, akwai Auta da ke aure a wata unguwa. Sukan zo ranar hutu da ledar lemo, su zauna a bakin gado suna "Sannu Baba, sannu Baba," su ɗauki hoto da shi, su tafi. In za su fita sai sun yaba mata. "Yaya, ke kaɗai kika iya da shi. Allah ya ba ki hannu." Ni wannan yabon ne ke ƙona mini rai. Da sun zage ta ma da ya fi, don mai zagi ana iya rama masa. A wurin aiki ma haka: "Anti, in kin tafi wa zai tsince mana?" Kowa yana yaba mata, kowa yana ƙara ɗaure ta.

Wani lokaci tana cikin tsinta sai ta tsaya da hantsaki a hannu, ta tuna cewa wannan guntun abin da ke farantin bai taɓa cin karo da bango ba tunda aka halicce shi, sai ranar da taru ya same shi. Sai ta ji wani irin kishi ya taso mata, kishin tsutsa, ta yi tsaki ta ci gaba da aiki.

Ana nan, sai idonta ya fara yi mata gardama. Likita ya ce yana ce ke rufe su a hankali, tiyata kuma sai yanar ta nuna, kuma ko an yi ba lallai ta koma kan madubi ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ana cikin haka Dakta ta sauko ɗakin ƙasa, abin da ba ta cika yi ba, ta ja kujera ta zauna.

"Anti, jirgin nan za a sayar da shi. Masu yankan ƙarfe sun riga sun zo sun duba. Nan gaba na'urar ɗaukar hoto za a riƙa saukarwa, hotunan ma wata cibiyar za su tafi. Ba sauran taru." Ta matso da kujerarta. "Akwai fita guda ta ƙarshe. Na ajiye miki gado, kuma wannan karon ko kin hau sama kin ce a ba wani, ba zan ji ba."

Uwar Kwalabe ta buɗe baki za ta yi maganar da ta saba, sai ta ji maganar ta ƙi fita. Ta ce, "To, Dakta. Na gode."

Ranar hutu da ƙannen suka zo da ledarsu, ba ta bari sun zauna ba. Ta tsayar da su a tsakar ɗaki ta ce, "Zan yi tafiya ta 'yan makonni. Baba naku ne kamar yadda yake nawa. Ku raba kwanakin yadda kuka ga dama."

Auta ta zaro ido. "Tafiya? Yaya, teku fa kika ce? A kan tsutsa?"

"A kan tsutsa."

Bakanike ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ki zo gareji bayan ruwan sama in tono miki cikin bokiti." Da ya ga fuskarta, dariyar ta koma ciki. Ya sosa ƙeya ya ce, "Shi ke nan, za mu yi. Ai haƙƙinki ne."

A yi musu adalci, sun gwada. Ta koya musu yadda ake juya shi ba a ja hannun da ya shanye ba, da yadda ake tallafe kansa in zai ci. Amma Baba ya gane abin da ake shiryawa. Da Auta ta kawo cokali sai ya datse baki, ya kau da kai, ya bi babbar 'yarsa da ido har hawaye suka gangaro ta gefen da ba ya motsi. Auta ta ajiye kwanon ta ce, "Kin gani ko, Yaya?" Kuma wallahi da sauƙi a muryarta, kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Zai saba," in ji Uwar Kwalabe. Ta fita tsakar gida don kada ta ga idon nan.

Ta sayi takalmin roba da rigar ruwa. Ta sayi maganin jiri, don Mai-Taru ya ce teku ba ta san babba ba. Ta haɗa jaka ta ajiye a bayan ƙofa, in ta wuce sai ta ɗan taɓa ta da ƙafa. Ana gobe tafiya ta je cibiya ta kai kayanta, ta bar Bakanike da kwanon abinci. Shi kuma mutum ne mai gaggawa, ga mota a buɗe tana jiransa a gareji. Ya cika cokali, ya ƙara wani kafin na farko ya wuce. Baba ya shaƙe, abincin ya bi ta hanyar numfashi. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohon inji.

Sanda jirgi ya tashi, tana kan benci a barandar asibiti da fo a hannu. Bakanike yana gefe yana ta rantsuwa ba da gangan ya yi ba, kuma ta san gaskiya yake faɗa. Ba shi ta ji wa haushi ba. Baba ta ji wa, tsohon da ke kwance da robar iska a hanci, wanda ya yi ta taka keken ɗinki har ƙafarsa ta kumbura don ta yi karatu. Ta ji ta tsane shi, tsana ta gaske, na ɗan lokaci. Sannan kunya ta kama ta har ta kasa shiga ɗakin sai da nas ta kira ta.

Baba ya warke daga zazzaɓin, aka koma gida, aka koma gidan jiya. Ƙannen suka rage zuwa, wai kunya suke ji. Mai-Taru ne zai dawo mata da jakarta in jirgi ya dawo.

Ranar dawowar jirgi ranar guje-guje ce a ɗakin ƙasa, kuma tana da ƙa'idarta. Mutanen jirgi in sun gaji, ko in magani ya ƙare musu, sukan cusa kwalaben jan taru na ƙarshe a firji ba magani, su manta ba su faɗa ba. Kwalba irin wannan in ta ji ɗumin ɗaki, kafin yamma abin da ke ciki ya zama ruɓaɓɓen ruwa, wahalar makonni ta tashi a banza. Saboda haka kafin a yi komai, Uwar Kwalabe takan bi layin kwalaben da butar magani a hannu. Ta buɗe murfi, ta kai hanci. In ta ji wari ta rufe, in ba ta ji ba ta zuba. Ba ta ko dubawa, hanci ne ke aikin, balle yanzu da ido ya yi rauni. Kwalaben da ta ceto ta haka ba su ƙirguwa.

Ran nan ta makara. Baba ya ɓata shimfiɗa bayan ta riga ta shirya, sai da ta sake komai. Ta shigo ta ƙofar baya tana haki, ta tarar an jere kwalabe a kan dogon tebur, ba kowa a ɗakin. Ta ajiye jakar hannunta, ta ɗauki buta, ta fara. Buɗe, shaƙa, rufe. Buɗe, shaƙa, rufe. A can ƙarshen layi akwai wata babba, an naɗe ta da baƙin ƙyalle an ɗaure da zare. Ta taɓa ta ji sanyi ƙarara.

"Ka ji su ko," ta ce ita kaɗai. "Daga firji, kuma har da tsagewa sun ɗaure da tsumma. Mutanen nan ba za su taɓa hankali ba."

Ta buɗe, ta kai hanci. Ruwan teku zalla. Ta karkata buta ta zuba, ta zuba isasshe, sannan ta warware zaren don ta ga inda kwalbar ta tsage.

Kwalbar lafiyarta ƙalau. A tsakiyar ruwan, ba ta taɓa ƙasa ba ta taɓa sama, ga 'yar ziri nan, cikakkiya, tsawon yatsa, ba inda ta tsinke. Launinta ya daki idon nan mai yana har ya ratsa. Tana hango hanjin reshe-reshe ta cikin fata. Sai wutsiyar ta kaɗa, a hankali, jikin duka ya yi wata lanƙwasa mai taushi daga kai har ƙarshe. Rai ne da ita.

"Wayyo Allah," in ji Uwar Kwalabe. "Wayyo, a'a, a'a."

Maganin ya riga ya sauka, tana ganinsa yana murɗawa cikin ruwan. Ta rarumi cokali, ta rarumi faranti, ta waiga neman ruwan teku mai sanyi, babu ko ɗigo a ɗakin. Tsutsar ta zabura, ta cillo dogon harshen nan gaba ɗaya, ta ƙudundune, ta miƙe, ta sake ƙudundunewa. Sannan ta tsaya cak. Duka abin bai kai a sha kofin ruwa ba.

Tana nan tsaye sai ga Mai-Taru ya faɗo ɗakin, jakarta a kafaɗarsa, yana murmushi har kunne.

"Ƙanwata! Ta ina kika bi? Ni ina can bakin ƙofar gaba ina ta baza ido. Kada ki taɓa mai baƙin ƙyallen nan tukuna, sai na rage fitila, haske yana wahalar da ita. Kin san a jan ƙarshe ta fito? Lafiya lau, ko ƙwarzane babu! Na ce wannan ta Uwar Kwalabe ce, ko Dakta ban nuna wa ba. A filas ɗin shayin kuku na ɓoye ta cikin firji, kullum ina canza mata ruwa. Da muka iso ɗan banzan ya ce sai na ba shi filas ɗinsa, wai nasa ne na gida, shi ne na juye ta a..."

Idonsa ya sauka kan ƙyallen a ƙasa, ya hau kan butar da ke hannunta. Murmushin ya daɗe kafin ya gama barin fuskarsa.

"Na zuba mata, Yaya," ta ce. "Ban duba ba. Da hannuna."

Dattijon ya sauke jakar a hankali. Ya matso ya leƙa kwalbar, ya daɗe yana kallo.

"Amma kin same ta da rai?"

"Na same ta."

"Ta kaɗa wutsiya?"

"Ta kaɗa."

"To alhamdulillahi," ya ce. "Laifina ne, da na tsaya a kanta. Kada ki sa wa ranki damuwa, ƙanwata, in mun koma zan kawo miki wa..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna jirgin ba zai sake fita ba, ita ma ta tuna. Ya cire hularsa ya murɗe ta a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

Ta ja kujera ta zauna, ta jawo fitilar tebur kusa da kwalbar, don yanzu haske ba zai dame ta ba. Launin yana nan tukuna. Ta san aikin maganin fiye da kowa: zuwa gobe zai fara dusashewa, kafin mako ya zagayo ta zama kamar sauran. Ta kafa ido, hawaye suna ƙara mata hazo, tana gogewa da bayan hannu cikin fushi don suna cinye mata lokaci. Mai-Taru ya zauna a kan wani akwati.

Wayarta ta fara kuka a cikin jakar hannunta. Ba ta motsa ba. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji ta yi shiru. Mai-Taru ya dube ta, don bai taɓa ganin ta bar waya ta katse ba. Can wayar ta sake ɗaukar kuka.

"Ko in ce musu kina cikin aiki?" ya tambaya.

Ta girgiza kai, ta miƙa hannu ta laluba jakar ba tare da ta ɗauke ido daga kwalbar ba. Maƙwabciya ce. Wai Baba ya ƙi ko ruwa tun safe, yana ta kallon ƙofa, ita kuma an kira ta daga makarantar 'yarta, dole ta fita yanzu-yanzu, ta kira Auta ba ta ɗauka ba.

Uwar Kwalabe ta saurara har ƙarshe.

"Ki ce masa ya yi haƙuri," ta ce. "Ga ni nan zuwa."